Allon da Na Liƙe da Gam

Shekarun da ake gina madatsar Bakolori ina aikin kafinta a Maradun. Aiki ya yi yawa, domin mutanen da ruwa zai ci garuruwansu suna ta kiranmu mu kwance musu ƙyamare da gadaje.

Wata safiya wani dattijo daga cikin masu tashin ya zo rumfata da allo nannaɗe cikin zane. Na mahaifinsa ne, ya tsage gida biyu daga wuya har ƙasa wajen ɗaurin kaya. A kansa yake yi wa iyalinsa rubutun sha.

"Ɗana, ɗumke shi za ka yi," in ji shi. "Ka huda, ka sa waya, yadda aka saba."

Haka maigidana ya koya mini. Amma a makon nan aminina, wanda muka koyi sana'a tare, ya kawo mini gwangwanin gam. Yana aiki da kafintocin madatsa, yana zaune Talata Mafara. Ya rantse cewa da irinsa suke haɗa katakon da ke zama cikin ruwa. Ni kuwa ina ɗokin a ce a rumfata aka fara gani.

Na ce, "Baba, waya tana tsatsa, tana kama alƙalami. Wanga gam ko tabo ba ya bari."

"Ka dai san kullum wanke shi nike yi?"

"Na sani, Baba."

Ban gwada a kan guntun katako ba. Kuma don gam ya kama sosai, na fere bakin tsagar duka biyu har suka miƙe. Abin da ya zuba ƙasa bai kai faɗin yatsa ba.

Na liƙe na ba dattijon. Bayan kwana tara ya dawo da ɓari biyu. Gam ya yi laushi kamar kunu. Yana cikin wanke rubutu don jikarsa mai zazzaɓi allon ya rabu a hannunsa, ruwan ya zube. Na ce bari in ɗinke yanzu. Sai ya haɗa ɓarin a gabana. Wuyan ya sirance saboda firar da na yi, babu inda za a huda bai fashe ba.

Ran kasuwa na tafi Talata Mafara, na sami aminin nawa yana cin rake. Da na gaya masa abin da ya faru, dariya ya yi. Gwangwanin ne kawai na wurin aikinsu. Gam ɗin gaskiya wani ya riga ya karɓe, sai ya zuba mini fari na kanti don kada in ce ya saɓa alkawari.

"Ka rantse mini," na ce.

"Haba, kai ma kafinta ne. Na ɗauka benci za ka haɗa."

Tun ranar ban ƙara zama inda yake ba, kuma na daɗe ina ɗora masa laifin duka. Amma ni dattijon ya duba ya tambaya, ni kuma na ce na sani.

Bayan shekara biyu muka haɗu da dattijon a kasuwar Damri. Ya gaishe ni har iyali da aiki, bai rage komai ba. Ni na kasa haƙuri na tambayi allon.

"Yana nan cikin zane," ya ce. "Ban ƙara rubutu bisa nai ba."