Wane Maganin Jini?

Baffana, ƙanin mahaifina, ya daɗe da ƙaba, amma kunya ba ta bar shi ya faɗa wa kowa ba. Ranar da ta murɗe masa yana cikin ban ruwan albasa a fadamarsa, bayan Shagari. Ni aka kira, don ni ce ke ɗinki a Bodinga, kusa da asibiti. Da aka kawo shi, ma'aikacin da ya duba shi bai ɓata lokaci ba, ya ce hanji ne ya maƙale, mu wuce Sakkwato, in aka daɗe hanjin zai mutu a cikinsa.

Mun isa da azahar, ni da shi da Inna matarsa. Ana ta shirin tiyata sai ga likitar da ke sa barci, siririya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta tambaya ko yana shan wani magani.

"Maganin jini dai," in ji Baffa, yana nishi.

Ni kam na ɗauka magana ta ƙare. Wane tsoho ne ba ya shan na hawan jini? Na ce mata haka, da ɗan zafi ma, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce da wannan sunan muke kiran na hawan jini, da na ƙarin jini, da wanda ke tsinka shi, kuma wuƙar tiyata ba ta ɗauke su ɗaya ba. Kwalin maganin yana gida. Baffa bai san sunansa ba, ya dai san fari ne.

Sai ta juya wajen Inna. "Inna, yaushe rabon da wanzami shi yi mai ƙaho?"

"Ai tun bara da ƙahwa ta kumbura mai anka hana shi," in ji Inna. "Sunka ce ko aski a yi da hankali. Ko aswaki ya yi, sai ki ga ja."

Likitar ta miƙe. Ta ce na tsinka jini ne, wanda ake ba mai gudan jini a jijiya. In aka yanka shi haka, jinin ba zai tsaya ba. 

Daga nan ban ƙara ganin ta tsaya wuri ɗaya ba. Aka ɗebi jininsa don gwaji, aka yi masa allurar da ke karya ƙarfin maganin, aka rataya masa leda mai ruwa rawaya, wai ɓangaren jini ne mai sa shi daskarewa. Likitan tiyata ya leƙo yana duba agogo, ita kuma ta ce ya ƙara mata lokaci kaɗan. Shi yana tsoron hanji, ita tana tsoron jini, kuma duk suna da gaskiya. Har yau ina mamakin yadda ta iya tsayawa a tsakani ba tare da ta ɗaga murya ba. Wallahi ta burge ni.

Bayan la'asar aka fito da shi daga ɗakin tiyata. Likitan tiyata ya ce sun tarar da hanjin ya fara baƙi, amma da aka sake shi ya dawo ja, ba a yanke komai ba. Jinin ma ya tsaya. Likitar barci ta biyo shi da gargaɗi: gobe sai Baffa ya taka, ko yana so ko ba ya so, don yanzu kwanciya ce za ta iya daskarar masa da jini.

Inna, wadda tun safe ba ta zauna ba, ba ta kuma zubar da hawaye ba, ta kama hannun likitar da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai kuka ya ƙwace mata. Likitar ta tsaya, ta bar mata hannun har ta gama kuka.