Malam Zailani da Muryar Umair Mai Suna Uku

Da hantsi Malam Zailani yake buɗe shagonsa a Ƙofar Doka, ya share, ya goge tabarau, ya zauna jiran masu kawo waya da kwamfuta. Yanzu ido ya gaza, zai bar aikin. Kafin ya rufe, bari a faɗi abin da ya yi wa ƙanwata Batulu.

Bayan rasuwar ɗanta Umair, ta samu muryarsa a wayarsa. Da aka jona wayar da kwamfutarsa, sai ga murya da wani suna, can cikin wata folda ga ta uku. Ta ɗauka saƙo uku ya bar mata. Ta kunna ta farko: tari, carar zakara, "Inna, kar ki jira ni da abinci." Ta biyu, tarin nan, zakaran nan. Ta uku ma haka.

Mijinta ya kwashi kayan, ta bi shi shagon. Ya ce, "Malam, goge biyu. Abin nan ya fara yawa a gidana."

"Alhaji, dakata. Ba uku ba ce, ɗaya ce. Waya da sunan da take kiran wuri, kwamfuta da nata, ɗayar kuma hanya kawai take nunawa. In na goge ta ainihin, suna zai zauna, yaron ba zai ƙara magana ba."

"To wacce ce ta ainihin?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Ya bi kowane suna har ƙarshensa, ya sami ta ainihin a memorin wayar, ya kwafe wa Batulu a wani memorin. Yana cikin haka ya ci karo da suna na huɗu: "Na Inna". Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, babu murya.

"Hajiya, abin da ke nan an ɗauke shi, hanyar ce ta rage. In cire?"

"Bar shi. Da hannunsa ya rubuta."

Har yau takan danna ta saurara.

Kai ne mai taka-tsantsan da kayan mamata, Malam Zailani. Allah ya saka maka, ya dawo maka da ganinka. Ku kuma masu gyara, kafin ku goge suna, ku bi shi ku ga wanda ke bayansa.