'Ya'yan Fari a Kwamfutar Haulat

"Wai aikin me take yi a ɗakin nan?"

"An ce jini take dubawa."

"To ai ba ta zuwa asibiti."

"A kwamfuta take duba shi."

"Jini a kwamfuta? Allah ya kyauta."

Haulat tana jin su ta taga, mata ne masu jiran markaɗe a maƙota. Haka ake zancenta tun da ta gama karatun ƙididdiga ta dawo Gaya, gidan Gwaggo Kulu da ta raine ta. Abokan aikinta muryoyi ne a waya, ba ta taɓa cin abinci da ko ɗayansu ba.

Aikin na yara masu sikila ne. An ɗebi jininsu da na iyayensu a ƙauyukan Toranke da Gafasa, an karanta ƙwayoyin gadon da ke ciki. Ita kuma tana koya wa kwamfuta ta gano yaron da ciwon zai fi tsananta masa, don a fara ba shi magani da wuri.

Sai kwamfutar ta ware wasu yara. Gadonsu bai dace da na matan da aka ce su ne iyayensu ba. Shugaban binciken, Dakta Ashraf, ya kira ta.

"Haɗe kwalaben jinin aka yi, Haulat. Cire yaran kawai."

Ta duba. Kusan dukkansu 'ya'yan fari ne. Ta san yadda aka yi: mai tambaya ya ce ina uwar yaron, uwar ta sunkuyar da kai don alkunya, kaka ko gwaggon da ke riƙonsa ta miƙa hannu aka ɗebi jininta. Ita ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyarta "waccan" take ce mata.

"Dakta, in aka cire su ba wanda zai sake bin lafiyarsu."

"To kawo min iyayen na gaskiya kafin a rufe binciken."

Ta je Gafasa ita kaɗai. Aka ba ta ruwa, aka gaishe ta da kyau, amma ba matar da ta ce yaron nan nawa ne.

Da la'asar ta tarar da Gwaggo Kulu tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa kusa da ita.

"Gwaggo, ni ba za su faɗa min ba, yarinya suke ganina. Don Allah gobe ki ɗauki mayafinki ki raka ni."