Kusum-tai, Mai Kitson da Ba Ya Ƙarewa

Kafin masu shayi su hura wuta, Kusum Gaikwad ta riga ta matsu a taragon mata na jirgin ƙasan da ke shiga Mumbai, rungume da akwatin mataji da man kwakwa. Kusan shekara arba'in ke nan tana gyara gashin jarumai mata na fim, kowa Tai yake ce mata, wato yaya. Kada ku wahalar da kanku neman sunanta a allo. Kafin ya fito an kunna fitilun silima, kowa ya kama gabansa.

Lokacin da ta fara, jaruma ado ce kawai: ta yi rawa, ta yi kuka, namiji ya zo ya cece ta. Wurin aiki kuwa maza ne tun daga darakta har mai shafa hoda. Mace ɗaya tak ake bari ta shiga ɗaki da jaruma, mai gyaran gashi, kuma ba a kunna kyamara sai ta ce ta gama. Da wannan 'yar ƙa'idar Kusum ta yi yaƙinta. Duk ranar da aka zo wa yarinya da abin da ba haka aka yi da ita ba, sai ta rufe ƙofa, ta warware kitson da ta gama, ta ce gashi bai shirya ba, har rana ta faɗi.

Waɗanda suke wurin ba su manta ranar Tarini ba. Sabuwa ce fil, fim ɗinta na farko. Darakta Chadda ya aiko mata da farin sari, zanen matan Indiya, mai shara-shara, ga motar ruwa a waje tana jiran a jiƙa ta sharkaf a gaban kyamara. Babu wannan a labarin da aka ba ta. Yarinya ta zauna jikinta na ɓari.

Kusum ta sa sakata, ta fara warware mata kitso.

"Tai!" Chadda ya daki ƙofa. "Gashi ne ko ginin gada? Rana za ta tafi!"

"To riƙe ta mana, Yallaɓai, ai kai ne darakta."

"Wallahi in na rasa hasken nan, kin gama cin abinci a masana'antar nan!"

Ta san da gaske yake, kuma tsoro ya kama ta, don ita ke riƙe da gida. Duk da haka ta ci gaba da warwara. Ta sunkuya daidai kunnen Tarini.

"'Yata, ni rana ɗaya kawai nake iya ci miki. Na ci wa waɗanda suka riga ki, gari ya waye suka fita suka yi, suka dawo nan suna kuka. A'a ɗin nan ba a mataji take ba, a bakinki take."

"Zai kore ni, Tai."

"Zai iya. Ni ma haka."

Aka sake dukan ƙofa har madubi ya girgiza. Tarini ta miƙe, rabin kai a kitse rabi a warware, ta zare sakata da kanta. A gaban ma'aikata duka ta ajiye sarin a hannun Chadda, ta ce, "Ba zan sa ba."

An yi rabin fim da Tarini, korarta asara ce, sai aka huce a kan Kusum. Shekaru ta yi tana bin gidajen biki tana gyara amare, ba wanda ya kira ta. Ba ta taɓa kai ƙara ba, abin da har yau yake ƙona mini rai.

Ke ce, Tai, kika tsaya a bakin ƙofa lokacin da tsayuwar ba ta da lada. Ke ce uwar ɗakin da ba a tafa wa ba.

Yau Tarini ke shirya finafinanta da kanta, sunan mace ne a saman fosta, kuma ita ta nemo Kusum ta dawo da ita. Makon jiya, ranar aikinta na ƙarshe, wani mataimakin darakta ya leƙo ya gaya wa wata sabuwar jaruma cewa an ɗan canza mata kaya. Kafin ya rufe baki, yatsun Kusum sun kama bakin kitso sun fara warwara. Yarinyar ko juyawa ba ta yi ba.

"Ba haka muka yi ba. Je ka gaya musu na ce a'a."

Ya tafi sumul. Kusum ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta mayar da kitson, ta ɗaure, ta buɗe ƙofa da faɗi, ta ɗaga murya idonta cike da hawaye: "Gashi ya shirya!"

Mun gode, Tai. Allah ya ba hannuwan nan hutu. Ku kuma da kuke riƙe da wata 'yar ƙofa a wurin aikinku, ku duba wa ke rawar jiki a bayanta.