Doguwa mai faso a ƙafa

Shekarun baya, a shekarar farin nan da ya ƙarar da shanu, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba, na yi haihuwar fari. A Runka nake aure, amma kamar yadda aka saba sai aka kawo ni gida Wagini, wankan jego wurin mahaifiyata. Namiji na haifa.

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya yi ni da sa abu a rai. In na yi alwala sai na sake, wai ko ruwa bai kai gwiwar hannu ba. Na yi firamare a Batsari, amma bokon bai rage mini komai ba. Ƙara mini ma ya yi, don duk abin da na ji sai in haddace shi kamar za a yi jarrabawa. Haka na haddace siffofin Doguwa daga bakin tsofaffi. Sun ce aljana ce mai kamar mutum, a tsamiya take zama, da tsakar rana take fita. Ba ta sallama, ba ta da inuwa. Ƙafarta kofato ce irin ta jaki, shi ya sa take jan zane har ƙasa. Tana da 'ya'ya da ba a gani, suna wasa a gindin itace, saboda haka ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bismillah an ce su kauce. Wadda ta ƙona mata ɗa kuwa, da nata ɗan za ta biya.

A bayan ɗakinmu akwai tsamiya, kusa da ita murhun da ake dafa ruwan wankana yake. Wata safiya mahaifiyata ta shiga ɗauko ganyen wanka, na ce bari in rage mata aiki. Na kama tukunyar, ta ƙona ni, na sake ta. Tafasasshen ruwa ya gangara har saiwar tsamiya. Ban yi bismillah ba. "Wayyo" kawai na ce.

Mahaifiyata ta fito da gudu. "Ke 'yar nan! Kin san daga ina na ɗauko ruwan nan? Rijiyar da sai an yini ana kwalfa!"

Na ce, "Iya, ban ce su kauce ba."

"Su wa?"

"Masu wurin."

"Mai wurin ai ni ce. Wuce ki ba yaro nono."

Ita ruwan ne ya dame ta, ni kuwa tun daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba. Akwai wuƙar da ake ajiyewa a wajen kan jariri don tsari, na ƙara da almakashi. In ya yi barci in tashe shi don in tabbata yana numfashi, in ya yi kuka in ce shi ke nan, an fara.

A rana ta uku, ranar kasuwar Batsari ce, maza duk sun tafi, mahaifiyata kuma ta koma rijiya. Ina zaune a bakin ƙofa da yaron a cinya, rana ta take tsaka, sai na ɗaga kai na ga mace a tsakar gida. Ban ji sallama ba. Doguwa ce ƙwarai, cikin baƙin zane har ƙasa, ta rufe rabin fuskarta. Na dubi ƙasa, ban ga inuwa ba. A kafaɗarta akwai yaro kamar ɗan shekara biyu, an naɗe masa ƙafa ɗaya da tsumma.

Ta yi magana da wani harshe da ban sani ba, muryar da ƙyar take fita. Ta nuna randa. Sannan ta kwance tsumman ta miƙo mini ƙafar yaron. Ƙuna ce, ta sale tun daga tafi har idon sawu.

Ruwa, da ƙuna. Ni me kuma nake jira a gaya mini?

Ban san lokacin da na faɗa ɗaki na danne ƙyaure da bayana ba. Na ƙanƙame yarona har ya fara ihu. Ayatul Kursiyyu da nake karantawa kullum ta ƙi zuwa, sai in kama farkonta in faɗa wata sura. Abin da har yau nake jin kunyarsa, ta cikin ƙyauren na riƙa ba ta haƙuri: "Don Allah ki yafe mini, ban gan shi ba! Ki ɗauke ni, ki bar mini wannan!"

Ba ta taɓa ƙofar ba. Randa na nan a buɗe, moɗa a kai, amma ba ta ɗiba ba. Ta ramin ƙyaure na ga ta zauna a cikin rana, ta lulluɓe ɗanta da gefen zane. Ban san tsawon zaman da ta yi ba, amma ya isa a dafa tuwo.

Sai na ji an sauke tulu, na ji muryar mahaifiyata: "Subhanallahi! Sannu baiwar Allah, sannu." Na ji ƙarar moɗa. Can mahaifiyata ta buga ƙyauren.

"Buɗe."

"Iya, ita ce. Ba ta da inuwa."

"Da tsakar rana wa ke da inuwa? Ke taki tana ina? Fito, 'yar boko, ki ga kofaton."

Na fito. Mahaifiyata ta ɗaga gefen zanen matar. Ƙafa ce irin tawa, yatsu biyar, sai dai diddigen ya yi faso har yana jini, ga ƙaya ta karye a ciki. Leɓɓanta sun tsage. Ashe muryar da na ɗauka ta aljanu ce, ƙishi ne ya shaƙe ta.

Daga baya wani maƙwabcinmu da ya zauna a arewa ya yi mana tafinta. Buzuwa ce, dabbobinsu sun mutu a hanya, mutanenta sun sauka a bayan gari. Yaron rushin wuta ya taka. Gida uku ta shiga kafin namu, ba ta tarar da kowa ba.

Kwana biyu ta yi a wurinmu. Mahaifiyata ta wanke ƙunar tana shafa mata magani, kunun kanwata na jego kuma tare muka riƙa sha. Da za ta tafi sai ta miƙo hannu biyu wajen yarona. Na yi jinkiri, ba zan ɓoye ba. Na dubi mahaifiyata, ta kau da kai, ta bar ni da abina. Na miƙa shi. Ta riƙe shi, ta karanta Fatiha, wannan kam na gane ta, ta tofa masa a ka, ta mayar mini.

Sun yi kudu ita da mutanenta. Ban taɓa jin ko ƙafar yaron ta warke ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Kullum ina tambayar kaina ko zaman da na sa shi ya yi a rana ya ƙara masa wani abu.

Ban daina yarda da aljanu ba, halittar Allah ce, kuma har gobe ba na zubar da ruwan zafi sai na yi bismillah. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, na san siffofin Doguwa ɗaya bayan ɗaya, amma ban gane mai jin ƙishi ba tana tsaye a gabana tana nuna mini randa.

Yaron da ta tofa wa addu'a yanzu furfura ta cika masa gemu. Ni kuma tun daga ranar, in baƙuwa ta shigo gidana, sai ta sha ruwa tukuna nake yarda idona ya sauka kan ƙafarta.