Sunayen da ta raɗa wa maɓallan wayata

Ban taɓa ganin waya ba. Ƙyanda ce ta tafi da idanuna tun ina ƙarami, don haka duk abin da na sani game da ita, da yatsa da kunne na san shi. In na ɗora yatsa a kan gilashin, wata murya takan faɗa mini abin da na taɓa. In shi nake so, sai in ƙwanƙwasa sau biyu. Muryar ta mace ce, Turanci take ji, in ta gamu da Hausa kuwa sai ta riƙa tuntuɓe kamar mai ratsa kunyoyin gona da takalmi mai tsini. Matata ce ta raɗa mata Baturiya, har yau kuma haka ake kiranta a gidanmu na Limawa.

Baturiya tana da wani hali mai ban haushi. Akwai maɓallan da masu ƙera manhaja ba su damu su sa musu suna ba, ɗan hoto kawai suka zana don masu ido. In na taɓa irinsu sai ta ce maɓalli ne marar suna, ta yi gum, wai ita ta gama aikinta. To na mene ne? Na aikawa ne ko na gogewa? Ni da nake koyar da rubutun makafi a makaranta, kullum ina cika wa ɗalibai baki cewa babu abin da ya gagare mu, sai ga ɗan maɓalli ya tsayar da ni cak.

Wata rana na hau adaidaita zan tafi aiki, muna cikin tafiya direban ya ce, "Malam, aljihunka fa haske yake." Da rana tsaka. Ashe tun safe na taɓa wani marar suna, tocilan ɗin wayar ta kunnu, na ratsa unguwa ina gaisawa da mutane ƙirjina yana walƙiya. Da na dawo na ba matata labari, sai ta ce, "Miƙo wayar nan. Wanda ya ƙi sa wa abu suna, mu za mu sa masa."

Da ma na san wayar tana bari mutum ya rubuta wa maɓalli suna da kansa, abin da na rasa shi ne mai gaya mini ko na mene ne. Daga ranar muka samu aikin yi bayan la'asar. Ita tana zaune a tabarma tana tsince riɗin da 'yan'uwanta suke aiko mata daga Aujara, ni ina gefe da waya. In taɓa, Baturiya ta ce marar suna, in karkata mata gilashin, ta leƙo ta gaya mini, ni kuma in rubuta. Sai dai matata ba ta iya faɗar abu a miƙe ba. Ba za ta ce "na gogewa ne" ba, sai ta ce, "Rubuta: kada ka kuskura." Na kyamara ta ce in sa masa "Ba naka ba ne." Na ɗaukar murya, "Yi magana, amma a taƙaice." Na katse kira, "Ya isa haka." Na komawa baya, "Koma gida, Malam." Na tocilan kuwa, "Fitila. Me za ka yi da ita?"

Na ce mata, "Ke yanzu fisabilillahi a gaban mutane waya za ta riƙa yi mini faɗa?"

Ta ce, "In ba na kusa, wa zai yi maka?"

Na rubuta su duka yadda ta faɗa. Baturiya ta riƙa karanto su da karyayyar Hausarta, abokan aikina suna ji suna tambaya wace irin waya ce wannan mai baki. Ni kuwa in ce ta musamman ce, guda ɗaya aka ƙera.

Cikin wata damina Allah ya yi mata rasuwa. Ciwon bai yi sati biyu ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ban iya ba da labarinsa a jere ba. Abin da zan faɗa shi ne, bayan an watse daga zaman makoki, gida ya yi shiru, na ɗauki waya zan kira 'yarmu da take aure a Haɗeja. Yatsana ya goce ya sauka inda bai kamata ba, sai na ji an ce, "Kada ka kuskura." Na zauna a bakin gado na riƙa taɓa wurin, ina sake taɓawa. Muryar ba tata ba ce, amma maganar tata ce tsaf, da tsiwar da komai.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, wayar ta kawo sanarwa cewa akwai sabon tsari, tana neman izinin sabunta kanta. Na saba da irin wannan, ban yi wani tunani ba na amince. Da ta gama, na tarar an sauya wa wasu maɓallai wuri da fasali, sunayen da ke kansu sun bi ruwa. Na nemi "Koma gida, Malam" sama da ƙasa ban same shi ba. "Ya isa haka" ma ya tafi. Ranar na gane cewa duk sabuntawa sai ta ci wani abu daga cikin maganarta, kuma babu mai sake faɗa mini ita.

Daga nan na kafe. Duk safiya wayar ta ce tana son sabuntawa, in ce mata sai wani jiƙon. Ta sake tambaya, in sake ɗagawa. Mun fi shekara muna wannan ja-in-ja, ni da na'ura, kuma ban ji kunya ba.

A makarantarmu akwai wata malama, ita ma makauniya ce, ta fi ni son sabon abu nesa ba kusa ba. Ita ce ta sa ni gaba. Ta ce, "Malam, kana cutar kanka wallahi. Sabon tsarin nan fa, juya wayar kawai za ka yi ka ɗora yatsu shida a gilashi, ka yi rubutunmu na makafi kai tsaye, ita kuma ta mayar da shi na masu ido. Ba sauran laluben haruffa ɗaya-ɗaya. Kuma yanzu ita da kanta take gane maɓallan. Har hoto tana bayyanawa, ta gaya maka abin da ke ciki."

Na ce, "Ni hoto me ya dame ni da shi? Na yi shekara hamsin babu shi."

Ta ce, "Taurin kai ne kawai."

Na ce, "Na gode, gadonsa na yi."

Ban gaya mata dalili ba. Ta yaya babban mutum, malamin malamai, zai buɗe baki ya ce yana riƙe da tsohuwar waya ne don tana yi masa faɗa da kalmomin matarsa? Gaskiyar kuwa ita ce ina kewarta, kewa irin wadda ba ta raguwa, sai dai ta sauya wurin zama. Wani lokaci da gangan nake taɓa na kyamarar, don kawai a ce da ni ba nawa ba ne.

Abin da ya karya ni shi ne manhajar da muke aika saƙon murya da ita. Wata safiya ta ce ba za ta ƙara aiki a tsohon tsari ba, ta rufe ƙofa. Ta nan 'yata take aiko mini da muryar jikata, wadda a lokacin ta fara haɗa kalmomi. Kwana goma ban ji ta ba sai a kira, shi kuwa kira in an katse ya wuce, ba a maimaita shi. A ƙarshen mako sai ga 'yar tawa ta taso tun daga Haɗeja.

Ta durƙusa ta gaishe ni, muka taɓa hira, sannan ta ce, "Baba, wai me ya samu wayar ne? In ta lalace ne a sake wata mana."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Sabuntawa take so, ni kuma na hana."

"Saboda me?"

Maimakon in amsa, sai na miƙa mata ita na ce ta taɓa can sama ta dama. Ta taɓa. Baturiya ta ce, "Fitila. Me za ka yi da ita?" Sai 'yata ta ce, "Wannan ai Umma ce."

Na ce, "Saura goma sha ɗaya. In na sabunta, ban san nawa za su rage ba."

Ta yi kukanta, na bar ta ta yi. Da ta share hawaye sai ta ce, "Baba, ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kar ka yi ba. Amma jikarka ta fara cewa Kaka, kuma kullum sai ta nuna waya." Uwarta sak, ta san inda ake dannawa.

Na ce ta ɗauko mini allon rubutuna na ƙarfe da tsinkensa, da wata tsohuwar kalanda mai kauri. Muka zauna a tsakar gida. Ina taɓa maɓalli, Baturiya tana faɗa, ina hudawa a takarda, ɗigo bayan ɗigo, har sha ɗayan suka cika. Na ƙara biyun da suka ɓace tun farko, don ina riƙe da su a ka. Na juya takardar na bi ta da yatsa, komai ya fito daidai. Amma tun a lokacin na san ba ɗaya ba ne. A takarda ni zan je in nemi maganar. A waya kuwa ita take samu na, lokacin da ban shirya ba, daidai inda na yi kuskure.

Na ce bismillah, na amince da sabuntawar. Wayar ta yi ɗif. Mai ido yana ganin wani abu yana tafiya a gilashi, ya san ana aiki. Ni kuwa sai shiru, da ɗumin wayar a tafin hannuna. Na tambayi 'yata ya fi sau biyar ko wayar ta mutu ne, tana cewa da saura.

Da ta farfaɗo na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Malamar nan ba ta yi ƙarya ba. Kowanne ya samu sunansa na gaskiya, a taƙaice, cikin ladabi: gogewa, kyamara, tocila. Ko ɗaya daga cikin sha ɗayan bai tsira ba. Wayar ba ta taɓa yin kyau kamar ranar ba, ni kuma ban taɓa jin ta baƙuwa a hannuna kamar ranar ba. Zan iya sake rubuta su a kai, na sani, amma da ni ne zan zama mai yi wa kaina faɗa.

Saƙonnin jikata suka riƙa shigowa a jere. Na saurari biyu, na ajiye. Sai 'yata ta karɓi wayar, na ji tana lalube, sannan ta mayar mini ta ce, "Baba, taɓa nan. Hoton da na ɗauke ku ne kai da Umma a Aujara, shekarar da muka je gaishe da Kawu bayan girbi."

Na taɓa ba don ina so ba. Baturiya ta ɗan yi jim, sannan ta ce mutum biyu ne zaune a tabarma ƙarƙashin bishiya. Namiji sanye da hula, yana magana. Mace ta juyo tana kallonsa, ta toshe bakinta da hannu, da alama dariya take yi.

Na tuna ranar sarai. Tsokanar kawun matata nake a kan wani ragonsa da ya ƙi ƙiba, ita kuma ta ce da ni, da muryar nan tata ta gargaɗi, "Malam, ka girma fa."

Na ce, "Wayar nan ta yi kuskure. Ranar faɗa ta yi mini."

'Yata ta ce, "Ba kuskure, Baba. Ai kullum haka take yi. In ka faɗi abin dariya sai ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, har hawaye take yi, ta ɗaga mana yatsa kar mu tona. In ta lafa sai ta gyara murya ta yi maka faɗa. Cewa take in ka san kana ba ta dariya, ba za a ƙara samun zaman lafiya a gidan nan ba."

Na sake taɓa hoton, Baturiya ta maimaita, na sake taɓawa. Shekara ashirin da huɗu ina ƙoƙarin in ba matar nan dariya, ina zaton sau ƙalilan na dace. Ashe duk tsawon lokacin tana nan gefena tana yi, sai da ta tafi aka gaya mini.