Gadon kusurwa

Ɗana na fari ya zo watanninsa ba su cika ba, lokacin yankan riɗi, babansa yana gona can wajen Hawata. A wani asibiti a Gadarif suka sa shi cikin haddana, akwatin gilas ɗin nan na bakwaini, a ɗakin da ba mai shiga sai sistoci da uwar da suka kira shayarwa. Mu masu jego aka raba mu ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da shasha a bango, kamar talabijin, tana nuna jariran.

Ni da Inna, uwar mijina, muke zaune. Ɗan fari kuwa ba a kallonsa a gaban manya, ba a tambayar lafiyarsa. Sai in yi kamar ina gyara mayafi, in saci kallo. Abu ɗaya nake nema: ƙirjinsa na ɗagawa ko kuwa? To shashar nan ga yawan daskarewa. Hoto ya tsaya cak, ƙirjin ya tsaya, ni ma numfashina ya ɗauke, kuma ba halin in ce uffan.

Wata safiya muhandis, wato injiniya, ya zo da kwamfutarsa, ya buɗe wani akwatin ƙarfe a baranda, wayoyi cunkus, fitilu kore suna ta ƙyafta ido. Sista ta ce an gano hoton yana fita har shashar mai gadi a bakin ƙofa, maza na ganin mata idan an kawo su shayarwa. Duk muka ja mayafi, kamar a lokacin ake kallonmu.

Uwar mijina ta leƙa ta ce, "Kai ɗan nan, gyara ka zo yi ko ƙarasawa?"

Ya yi dariya. "Ya Hajja, akwatin nan kamar mai rabon wainar suna ne da bai san gidajen dangi ba, kowace ƙofa ya gani sai ya tura. Wayoyi su cika, hoto ya tsaya, ga na wani ya faɗa gidan wani. Yanzu zan koya masa: hoton kowane yaro ya tafi ɗakin da ya roƙa kaɗai."

Bai rufe baki ba shashar ta yi baƙi ƙirin.

Ya shigo ya ce kowace uwa ta faɗi gadon ɗanta, wanda ba a roƙa ba ba zai zo ba. Mata suka yi ta faɗa, wannan na tsakiya, waccan mai jar hula. Da ya zo kaina na sunkuyar da kai.

"Wannan ɗan fari gare ta, ba za ta faɗa ba," in ji uwar mijina. "Namu na bakin taga ne."

Ba shi ba ne. Na bakin taga ɗan wata Balarabiya ne daga Ƙala'at an-Nahal. Idon Inna ya yi rauni, jariran duk ɗaya suke a wurinta. Nawa yana kusurwa, mai kwana da hannu ɗaya a kunne. Ina jin yatsun muhandis sun fara ƙwanƙwasa kwamfuta. Idan ya gama ya tafi, ɗan wata zan yi ta kallo, nawa ko numfashinsa ya tsaya ban sani ba.

"Inna," na ce, "ba shi ba ne. Na kusurwa ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Iye?" in ji Inna. "Ashe mayafin nan da ake ta gyarawa ido gare shi!"

Mata suka kwashe da dariya, har sista. Ban ɗago ba sai da na ji muhandis ya ce, "Khalas, an gama, ga shi nan." Hoton ya fito tas, ba tsayawa. Ƙirjin yana hawa yana sauka.

Inna ta miƙe da ƙyar, ta ja tabarmarta ta fuskanci ƙofa, ta ba bangon baya.

"Hasken abin nan na damun idona," ta ce. "Ke ki riƙa duba mana shi."